Abin da Noreen Ta Gani a Hannun Clarrie

Shekara ashirin da biyu Noreen Buhagiar ta yi tana aiki a kantin abinci na firamaren unguwarmu a Mackay. Goma sha huɗu daga ciki tare muka yi su, tana yanka burodi ina shafa bota. Iyayenta manoman rake ne a Habana, wani ƙauye kusa da garinmu, mijinta Joe ma rake ya noma har ranar da zuciyarsa ta tsaya yana kan tarakta. 'Ya'yanta biyu sun koma Brisbane, gidan ya yi mata faɗi, sai ta fara zuwa kulob ranar Laraba da yamma, inda ake buga wasan karta na foka ba da kuɗi ba. Wanda ya ci, tiren nama ake ba shi ya kai gida.

Ba gwana ba ce. Haƙuri kawai gare ta. Tana iya zama awa guda tana zubar da karta ba ta shiga wasa ba, maza suna yi mata tsiya cewa ta zo ɗumama kujera. Da wannan haƙurin ta fi kowa maki a ƙarshen shekara, kulob ya biya mata kujera a gasar kwana biyu da ake yi a gidan caca na Townsville.

"Ki raka ni, Bev," ta ce da ni. "In na faɗi sumammiya, a samu mai sanin lambar 'ya'yana."

Muka kama hanya ranar Juma'a bayan an tashi daga makaranta, da robar pastizzi da ta gasa, wani abu kamar samosa mai cuku a ciki, a kujerar baya.

Asabar ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka fara. Mutum ɗari da arba'in, kowa da tulin kwabban roba daidai da na kowa, wanda nasa ya ƙare ya tashi. Ni ina tsaye bayan igiyar da ta raba 'yan kallo da tebura. Kafin azahar rabin tulin Noreen ya tafi. Samari masu baƙin tabarau suka gane tsoronta, suka dinga yi mata burga tana janyewa. Da aka ba da hutu ta same ni a bakin banɗaki.

"Nan da awa ɗaya muna hanyar gida," ta ce.

Bayan hutu aka sauya mata tebur, aka zaunar da ita a hagun wani dattijo mai farar riga da aka yi wa guga sosai. Clarrie Wockner sunansa, tsohon direban jirgin ƙasa daga Charters Towers, shekararsa saba'in da tara. Mai surutu ne da fara'a. Tun kafin ta zauna ya ja mata kujera.

Daga nan abin ya juya. Ina kallo tulinta ya fara tashi, na Clarrie yana sauka. In ya zuba kwabbai da yawa, wani lokaci ta janye nan take, ya buɗe kartarsa a ga ashe da gaske yake. Wani lokaci kuma ta bi shi da 'yar ƙaramar karta, a ga ashe burga ce. Ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Wajen ƙarfe biyar ya tura duk abin da ya rage masa tsakiyar tebur, ta bi shi da karta mai lamba bakwai guda biyu kacal, shi kuwa ba shi da komai. Ya miƙe yana dariya, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Yarinya, wa ya koya miki karatun fuska haka? Shekara hamsin matata ba ta gane ƙaryata kamar ke ba!"

Ya dage sai ya saya mana kifi da soyayyen dankali a bakin teku. Yana ta ba mu labarin jirgin ƙasa da shanu a kan layin dogo, ni ina ta dariya, Noreen tana juya dankali ɗaya a cikin takarda. Sai da muka koma masauki ta zauna a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kartarsa nake gani, Bev."

"Kamar yaya?"

"Hannunsa rawa yake yi. In zai duba, ba ya iya ɗaga gefen kaɗan kamar kowa, sai ya ɗaga ta sama. Daga inda nake, karta biyun da ke hannunsa duka a fili suke. Na farko ban yi niyya ba. Na ce zan gaya masa in an gama wannan zagayen. Sai na ci zagayen."

"To ai doka ta ce kowa ya rufe kartarsa," na ce. "Ba ki taɓa komai ba."

"Na san doka. Kujerata na ɗan ja baya don in fi gani."

Na tashi na sa ruwan shayi.

Lahadi mutum ashirin da bakwai suka rage, Noreen tana cikin biyar na sama. Muna shiga, ga Clarrie a bakin igiya da wata farar rigar, ya fasa komawa gida don ya ga ƙarshe. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya nuna masa ita.

"Ka ga waccan mai koren siket? Kada ka yarda ka haɗa ido da ita, har abin da ka ci jiya za ta faɗa maka."

Tana jin sa. Kunnuwanta suka yi ja. Wasan da ta yi ranar ban taɓa ganin ta yi irinsa ba. Matar da ke zama awa guda ba ta shiga ba, sai ga ta tana shiga kowane zagaye. Ta ci wani babban zagaye bisa sa'a, mutane suka yi tafi, Clarrie ya buga igiya yana cewa, "Na gaya muku!" Bayan haka ta dinga zubarwa kamar mai ɗebo ruwa da kwando. Ƙarfe biyu da rabi wata ma'aikaciyar jinya daga Cairns ta kwashe sauran. Noreen ta zo ta goma sha ɗaya, aka ba ta ambulan da dala dubu ɗaya da ɗari biyu.

Clarrie ya raka mu wurin ajiye motoci. Rana ta buɗe, kwalta har laushi take yi. Na riga na buɗe ƙofa sai na ji ta ce, "Clarrie, tsaya. Ba fuskarka na karanta ba jiya. Kartarka nake gani, duk lokacin da ka ɗaga."

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba. "Ai ina rufewa da hannun hagu."

"Hannun ba ya tsayawa."

Ya ɗaga hannayensa ya dube su, suna ta karkarwa a cikin rana. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya cusa su cikin aljihun wando.

"Likita ya ce bai kai yadda mutane za su lura ba," ya ce a hankali. "Sauran 'yan teburin ma sun gani?"

"Ban sani ba. Ina jin ni kaɗai." Ta miƙa masa ambulan. "Don Allah ka karɓa."

"Haba, yarinya. Mayar da abinki jaka." Ya dubi inda motarsa take. "Ni ne zan tuƙa kaina har gida, kin ga. Gara in kama hanya da sauran rana."

Ya ce da ni in yi tuƙi a hankali, ya tafi. Muna kallo ya daɗe a jikin ƙofar motarsa yana fama da makulli. Noreen ta juya baya.

Muka kama hanyar gida, muka wuce Ayr. A Bowen na tsaya shan mai, na dawo na same ta ta jingina goshi da gilashi.

"Don kaina na faɗa masa," ta ce. "Don in samu in yi barci. Jiya na kwashe masa kwabbai, yau kuma na ƙara masa da wannan."

Ranar Litinin malamai sun manna takarda a ƙofar kantin da sunanta da manyan haruffa, shugabar makaranta ta kawo kek. Noreen ta tsaya da wuƙar burodi a hannu tana cewa na gode, na gode, idonta a kan tebur. Ranar Laraba 'yan kulob suka so ta ba da labarin bakwai biyun nan da kowa ya ji, ta ce ta manta yadda aka yi.

Daga nan wata biyu ba ta leƙa kulob ba, daga baya ta koma, don Laraba tana yi mata tsawo a gida. Da shekara ta zagayo ta sa ni na buga waya gidan cacar na tambaya ko Clarrie Wockner ya yi rajistar gasar. Suka ce ba sa ba da sunayen mutane. Wani ɗan kulob ɗinmu da ya je ya ce bai ga dattijo mai irin wannan kamanni ba, amma ɗakin cike yake, ba lallai ne ya lura ba.