Ranar da Aka Ce Na Yanke Kusoshin Jirgi

Ko sunana na manta, ba zan manta da wata Talata a wata na biyu na koyon aikina a filin jirgi ba. Ku da za a tura bana, ku karanta da kyau.

Makarantarmu ta koyon sana'a ta tura ni rumfar gyaran wani ƙaramin jirgi mai feshin jan-baki, tsuntsayen da ke cinye wa manoman Damare shinkafa. Babba a rumfar Oga Bukar ne, injiniya mai lasisi. In bai sa hannu a littafin jirgi ba, ko gwamna ne a ciki jirgin ba ya tashi. Ɗan Borno ne da rikici ya koro, kuma ko inuwarsa sai ta nuna kati. Hamma Iliyasu ke bi masa, shi ke kwancewa da ɗaurewa. Ni Dija ce ta ƙarshe, ƙasa da tsintsiya kaɗan.

Ranar sabuwar sitata za a sa, wato na'urar da ke murza inji ya tashi. Tana zama ne a kan kusoshi masu zare da ke dashe a jikin injin, a sa washa, a ɗaure da noti. Dokar aiki ita ce sai zaren ya leƙo bayan notin. Hamma Iliyasu ya ɗaura, ko leƙe babu. Notin ma rabinsa ne ya kama.

"Oga, kusoshin nan sun gajarce," in ji shi.

"Ƙarfe yana gajarcewa da kansa?"

Sai suka juyo tare suka kalle ni. To, gaskiya ina da tarihi. Ni na saka ƙadangare a akwatin sifanun Hamma Iliyasu, ya yi tsallen da ya kusa riga jirgin tashi. Kuma jiyan ni aka bari ina goge injin, an ma ganni da zarton ƙarfe.

"Kai, Dija," in ji Oga, don shi mace da namiji duk kai ne. "Me ka yanka jiya?"

"Rake, Oga."

"Da zarton hukuma?"

Babu wanda ya yi dariya. A shekarun nan, a ce an taɓa injin jirgi a Yola ba wasan yara ba ne. Ya miƙo hannu, na cire katin shigata daga wuya na ba shi. Ya ce bayan azahar zai kai rahoto ofishin tsaro. In katin ya tafi, makaranta za ta kore ni, kuma unguwarmu Nassarawo kaf za a ce 'yar makaniki ta so kayar da jirgi.

Hamma Iliyasu ya tausaya mini, ya yi ƙasa da murya. "Oga, a cire washa mana, notin zai ƙara kamawa. Haka ake yi wa motoci."

"Mota in ta kwance sai ta faka gefen titi. Wannan a ina zai faka? Ko kai ma da hannunka ne?"

Nan Hamma ya ja da baya.

Na zauna kan taya ina kukan da ya isa ban-ruwan Damare. Sai idona ya faɗa kan tsohuwar sitatar a kwandon kaya. A garejin Bappana, makanikin da ya raine ni, babu ma'auni, da tsinken tsintsiya muke awo. Na zari tsinke, na auna kaurin gindin tsohuwar, na karya daidai. Na kai shi gindin sabuwar. Sabuwar ta fi kauri da kusan faɗin farce.

"Oga, duba! Kusoshin ba su ragu ba, sitatar ce ta yi ƙiba."

Oga ya taso. Ya ɗauko ma'auninsa ya auna tsohuwar, ya auna sabuwar, sannan wallahi ya auna tsinken. Ya haska kan kusoshin da tocila, ga tsohon fenti a kansu, zarto bai taɓa su ba. Ya sa aka zazzage kwalin da sitatar ta zo a ciki, sai ga takarda a naɗe a ƙasa: wannan samfurin sai da dogayen kusoshi. Hamma Iliyasu ya ce shi ya ɗauka takardar talla ce.

Kwana uku jirgin yana ƙasa kafin dogayen su iso, jan-baki suna biki. Manoma sun yi ta waya, Oga bai motsa ba. Da aka ɗaura, shi da kansa ya ƙirga zaren da ya leƙo kafin ya sa hannu.

Katina kuwa tun ranar ya rataya mini. Bai ce in yi haƙuri ba, cewa ya yi, "Gobe ka kawo wuƙa don rakenka."

Abin da na koya: a aikin jirgi zargi ba ƙiyayya ba ne, shi ke dawo da matuƙi gida. Amma ku fara tuhumar ƙarfe kafin mutum, don ƙarfe ana iya auna shi. Tsinken nan har yau yana akwatin Oga. Ya ce hujja ce, in har na sake.