Kalmar da Kafinta Ya Sani

Kafintan bakin layi bai san Turanci ya wuce kalma goma ba, su ma ya tsinto su ne lokacin da yake yi wa wani kamfani tagogi. Amma in ka ji yana baza su, sai ka rantse shi ya haifi harshen. Aiki kam ya iya, kujerarsa har jikoki sai sun zauna a kai. Matsalarsa zuciya, kamar ashana take, ga ƙin raini.

Rannan 'yarsa ta fari, tana aji biyu, ta kawo masa littafinta ya sa hannu. Ya kakkaɓe garin katako, ya buɗe. A ƙasan rubutunta malama ta sa kalma ɗaya da jan biro: poor. Wannan kuwa ya san ta sarai, matalauci ke nan.

"Mu za a yi wa gorin talauci? A rubuce?"

Matarsa ta ce ya tambaya tukuna. Ina! Ya figi hannun yarinya har makaranta, ya zazzage wa malama, bai bari ta buɗe baki ba, ya ce 'yarsa ta bar karatu ke nan. Yarinya ta yi ta kuka, aka ba shi baki, ya ce ya riga ya rantse.

Bayan shekara ashirin da wani abu ido ya fara gagararsa, ya auna ƙusa ya sami yatsa. 'Yar nan ce ta raka shi asibiti, da goyonta. Likita ya gwada shi, ya yi wa nas magana da Turanci, sai ga kalmar ta fito. Tsoho ya zabura.

"Likita, bara na zo maka?"

Nas ta yi dariya. "Haba Baba, ba aljihunka ake nufi ba, ganinka ne ya yi rauni. Duk abin da bai yi kyau ba haka ake ce masa, ko aiki, ko rubutu."

Sai ya tuna da jan biron nan. Ashe cewa kawai malama ta yi yarinya ta gyara rubutu. Nadama ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai ya dubi 'yarsa.

A tagar ɗakin magani aka miƙo musu kwalbar ɗigawa da takarda. 'Yar ta juya takardar, ta sake juyawa, sannan ta taɓa matar da ke bayanta a layi.

"Baiwar Allah, don Allah duba mana, sau nawa zai ɗiga a rana?"

Yana tsaye a gefenta, yana ji.