Muryar Yaya da Iskar Bayan Rumbu

Wutar gidanmu, a wani ƙauye bayan Gwiwa, ba ta gwamnati ba ce. Kawu ne ya haɗa ta da fukafukai uku na bututun roba da dainamon tsohuwar mota, ya kafa a kan dogon ƙarfe bayan rumbu. Babu batir a tsakani. Iska ta taso, wuta ta yi ƙarfi; iska ta kwanta, wuta ta yi sanyi. Ni da nake koyar da kimiyya a Kazaure na sha zana wa ɗalibai wannan hawa da sauka a kan allo, su yi ta hamma. A gida kuwa da kunne ake jin sa.

Yayana ya tafi Libiya neman aiki tun ina sakandare. Kaset guda ya aiko, gaisuwa da tambayar lafiyar shanu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dangi sun sha cewa a yi masa addu'a a karɓi gaisuwa, Inna ta ƙi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, amma kullum bayan la'asar sai ta zauna a ƙofar ɗaki ta kunna rakoda.

Idan iska ta daidaita, saurayi ne ke magana. Idan ta lafa, sai kaset ya riƙa ja, murya ta yi kauri ta yi nauyi, kamar ta dattijon da tafiya ta gajiyar.

Na ji tsoron kada zaren kaset ɗin ya naɗe ya tsinke, na sayo batir da na'urar daidaita wuta na haɗa. Murya ta fito tas. Da na dawo ƙarshen mako, na tarar an cire su an ajiye a ƙarƙashin gado.

"Inna, wa ya cire?"

"Kawunka. Ni na sa shi."

"Ai kaset ɗin zai lalace."

"Malam," ta ce, haka take kirana idan za ta yi min ba'a, "wannan da ka kawo min yaro ne. Nawa ai yanzu ya yi furfura. Shi nake son ji."

Na bar su a ƙarƙashin gadon.

Ina nan ranar da hadarin farkon damina ya haɗo. Fukafukan suka yi ta gudu, sannan iska ta ɗauke gaba ɗaya, yadda take yi kafin ruwa. Muryar ta yi ta sauka, ta tsufa fiye da yadda muka taɓa ji. Yaya ya ce, "Inna, a gaida…" sai zaren ya tsinke.

Ta daɗe tana kallon rakodar. Sannan ta yi salati, ta ce wa Kawu a shimfiɗa tabarmi a zaure, a sanar da dangi.

Fukafukan suna nan suna juyawa. Idan iska ta lafa bayan la'asar, nakan tsinci kaina na yi shiru, ina jiran in ji wa Yaya zai ce a gaida, kamar ban taɓa jin kaset ɗin ba.