Ƙafafun Jaki na Kawu Arzika

Duk wanda ya san Kawu Arzika ya san ba ya gaida mai mota sai ya gaida tayarsa. Kana miƙa masa hannu, shi ya riga ya tsuguna gindin motar yana danna taya da babban yatsa, yana karanta lambar jikinta. In ya miƙe ya ce ina kwana, ka tsira. In ya kakkaɓe gwiwa ya yi tsaki, ranar ba ka da gaisuwa. Kun ce in faɗi wani abu a kansa tunda ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma a motata ya cika. Zan faɗa, har da inda laifina yake.

Shekara talatin ya yi yana jan akori-kura tsakanin ƙauyenmu da Buza da Madawa, albasa a ƙasa, mutane a bisa. Aƙidarsa ɗaya ce: taya siririya doguwa a kan janti, wato gangar da ake sa wa taya, na ƙarfe mai lamba sha shida. Janti ƙarami, in ji shi, yana bar wa taya nama, ka rage iska in ka shiga rairayi, in dutsen Adar ya lanƙwasa shi ka mayar da guduma. Maganar damina kuwa haddace ta muka yi dole.

"Laka ba a lallashinta, yanka ta aka yi. Siririya ta yanka ta iske ƙasa mai tauri. Mai hwaɗi sai ta hau bisa ta yi ta juyi kamar faranti."

Mun taɓa zuwa gaisuwar mutuwa Tamaske. Ɗan mamacin ya zo daga Yamai da wata ƙatuwar mota mai faffaɗan tayu. Kawu ya gama dannawa, ya shiga rumfa, ya zauna gaban mutumin.

"Allah shi jiƙan tsoho. Tayun ga hwa, kai ka zaɓe su da kanka?"

"Ni na zaɓa, Baba."

"Ashe rashi biyu anka yi gidan ga. Allah shi ba da haƙuri."

Liman sai da ya rufe baki da rawani. Mun baro garin ba mu ci abinci ba.

Taya kuma ba ta mutuwa a gidansa. In ta suɗe ya kai wa baduku a yanka takalma, tib, robar cikinta, ya zama guga. Matarsa Inna Hajo ta gaji, ana jibi salla ta ce ko sau ɗaya a saya mata takalmin kanti.

"Hajo, wanga da ke ƙahwarki ya tahi Madawa sau dubu bai hwashe ba. Na kantin ina yat taɓa zuwa?"

Da shi ta je idi, tana barin zanen taya a ƙasa har filin salla.

To, ga nawa. Na dawo daga cin rani Abijan na sayi akori-kura mai jantin alminiyom mai walƙiya, tayu faffaɗa, gefensu ɗan siriri. Lokacin idon Kawu ya yi rauni, injin motarsa ya mutu, ya sayar da gangar jikin amma ya riƙe ƙafafunta huɗu a ɗakinsa. Ya danna tawa, bai yi tsaki ba, ya ce a hankali, "Aliyo, ɗauki nawa ka sa kahin ruwa su sauka."

"Haba Kawu, waɗanga ƙahwahun jaki?"

"Ka taɓa ganin jaki ya kahe?"

Na yi dariya na tafi. Gaskiyar ita ce a tasha ana taruwa kallon jantina, kuma ina jin daɗin haka. Sau uku ya maimaita, sau uku na ce sai wani sati.

Cikin watan Agusta, da safe bayan an sheƙa ruwa, ƙabar da ya daɗe yana ɓoyewa ta murɗe. Malamin asibitin ƙauye ya ce aiki ne kawai, a kai shi Buza yanzu. Motata kaɗai ce a gari. Muka shimfiɗa shi bisa katifa a baya, Inna Hajo na riƙe da kansa. Da hantsi muka shiga fadama, ba mu kai rabi ba motar ta hau juyi wuri ɗaya. Na taka wuta, ta ƙara zama. Daga baya na ji muryarsa.

"Ɗaga ƙahwarka! Kabari kaka gina mata. Ni ko ita, wa za a sa ciki?"

Mutanen gona suka zo da shebur da rassan ƙaya. Aka ɗaura shanu biyu, igiya ta tsinke. Ko taɓa katifarsa aka yi sai ya suma, balle a ɗora shi bisa babur. Ni da bakina na roƙi wani mai amalanke ya koma gari ya ɗauko tayun Kawu.

Bayan azahar Kawu ya sa aka kira ni. Na hau na durƙusa, laka har wuya, na kasa kallonsa. Ya laluba ya kama hannuna.

"In an tambaye ka, ka ce kwana ya ƙare. Kak ka ce taya ta. Ka ji ko?"

Na ce na ji, ina kuka. Ya rufe ido har na zaci shi ke nan. Sai ya buɗe ido guda.

"Amma ni da kai mun san taya ta."

Inna Hajo ta yi dariya da hawaye, ta laƙana masa kalmar shahada, ya amsa. Kafin la'asar ya cika.

Amalanken ya iso bayan haka. Muka shimfiɗa katako, muka ɗaga motar, muka sa ƙafafun jaki. Taku ɗaya ta fita. Sai dai ba Buza muka nufa ba, gida muka juya.

Na karya alkawari yau, Kawu, ka yafe mini wannan da wancan. Allah ya jiƙanka, ya sa ka iske ƙasa mai tauri a hanyar da ka bi. Amin.