Agogon motar babana

Akwai wani ɗaki a bayan gidana, nan Madawa, wanda matata ta rantse ba za ta share shi ba. Ta ce ita ba a kawo ta gidan ga don ta yi wa ƙarafa bauta ba. A cikinsa nake tara abin da ya saura na tsofaffin motocin soja, irin kat-kat ɗin nan masu gajeren hanci da rufin tamfol, waɗanda anka watsar a Adar bayan an gama da su. Shekaru na yi ina makanisiyen a garaj, da na aje aiki kuma sai na koma bin ƙauyuka bisa moto, babur ke nan, ina farautar guntayensu. Wata janti, ƙarfen da ake sa wa taya, na same ta rataye ga bishiya a wata lakwal kusa da Sabon Gida, ana bugunta yara su shiga aji, na kawo musu wata na ɗauke ta. Wani bidon kuwa, irin jarkar nan ta ƙarfe mai hannu uku, a Babankatami na same shi, wata tsohuwa tana ɓoye irin wake a ciki.

Mutane na cewa son ƙarfe ya yi mini yawa. Gaskiyar magana, duk yawon nan mota ɗaya nake bi. Babana direba ne, shi ke kai masu allurar shanu daji a cikin wata tsohuwar motar soja da anka ba ma'aikatarsu, ko fentinta ba a sake ba. In ya dawo yakan ɗora ni a cinyarsa mu zaga gari, ni kuwa ba na kallon hanya, idona na kan kontar mai nuna gudun mota, ina jiran allurar ta tashi. Wata damina kori, rafin nan mai kawo ruwa in an yi sama, ya ci motar can gaba da Garhanga. Babana ya dawo bayan makonni bisa raƙumi, ya rame har na ƙi zuwa gare shi. Bai daɗe ba bayan haka, ya rasu ina ɗan shekara tara. Motar ta zauna cikin rairayi, mutane sunka kwance ta ƙusa-ƙusa, kowa ya tafi da rabonsa.

Abin da ya ɓata ni a Buza ya faru. A shagon wani mai sayar da tarkace na ga bolan ɗin motar, wato sitiyarinta, na gane shi da jar fatar da innata ta naɗa masa da hannunta. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce masa na babana ne. Nan take fuskar mutumin ta sake. Abin da ke yashe kaji na hawa, sai ga shi ya zama gadon kakansa wanda ba ya iya rabuwa da shi. Sau huɗu ina komawa, kuma abin da na ba shi har yau matata ba ta sani ba. Daga ranar na ɗauki doka: ba na nuna abin da nake so, ba na faɗin ko ni wane ne. Na sayi sikeli da tsohon buhu, na nemi riga mai maiƙo, na zama mai sayen ruɓaɓɓen ƙarfe a kilo. In na ga abin da ya kawo ni, sai in juya masa baya, in yi cinikin kome da kome, sai zan tashi in ce, a haɗa mini da wancan banzan. Dabarar ta yi mini aiki shekara da shekaru, har na riƙa yi wa abokaina fahari da ita.

A kasuwar Keita wani mai amalanke ya ce mini akwai maƙeri a wani ƙauye gaba da Garhanga da ke da agogon mota rataye a maƙerarsa. Haka mutanen karkara ke kiran kontar. Ban nuna masa na damu ba, don ban yarda da shi ba. Mutum ba ya kawo maka labari haka kawai, na ce a raina, ƙila maƙerin ne ya aiko shi ya ja ni. Sai da na bari kasuwa biyu ta wuce kafin na tafi.

Dab da faɗuwar damina ne, lokacin da kowa ke son hauyarsa. Na iske maza kamar takwas zaune a ƙarƙashin rumfar maƙera, kowa na jiran tasa, maƙerin kuma tsoho ne dogo mai furfura, yana bugun wani guntun lam, faffaɗan ƙarfen sifirin na mota. Na yi sallama, anka matsa mini. Da na zauna na ɗaga ido sau ɗaya, na ga agogon. Yana rataye ga dirkar rumfa a cikin wata jakar fata da anka ɗinka masa, fuskarsa a waje. A kusurwar gilashin, ta ƙasa, akwai tsaga ƙarama. Ni na yi ta, da makullin motar, kuma ranar ce kaɗai babana ya taɓa ja mini kunne. Na yi maza na sunkuya ina gyara sikeli.

Abin da ya tayar mini da hankali, gilashin fes yake. Kome a rumfar nan baƙi ne da hayaƙi, har fuskokin mutane, amma shi ana goge shi. Na ce to, shi ke nan, tsohon ga ya san abin da ya riƙe. Wani ya riga ni zuwa, ƙila dillalan Ƙonni masu bin ƙauyuka, sun hure masa kunne, ya rataye shi inda baƙo zai gani. Har jakar fatar ma a idona talla ce. Na juya wa dirkar baya, na shiga auna masa tsofaffin ƙarafa ina kushe su, ina cewa wannan tsatsa ta cinye, wancan ko jaki ba ya ɗauka.

Shi kuwa ya aje guduma yana kallona. Ba kallon ciniki ba ne, amma a lokacin ban san bambanci ba.

"Baƙo, daga ina?" ya ce.

Na ce daga wajen Ƙonni.

"Ɗan wa kake can?"

Na ce ubana mai sayar da goro ne, ba sananne ba ne.

Ya gyaɗa kai, bai daina kallona ba. "Ka yi mini kama da wani mutum," ya ce. "Direban da kori ya ci motatai nan, shekaru da yawa. Mutumen Madawa. Ba ka san shi ba?"

Abin da ya zo mini a kai shi ne mutumin Buza. Na ce ga tarkon nan, yana son in buɗe baki ya shaƙe ni. Na yi 'yar dariya, na kaɗa hannu.

"Wallahi, baba, ban san shi ba. Ban taɓa ko jin labarinai ba. Mi ya haɗa ni da direbobi?"

Na rantse, a gaban mutum takwas, kuma har daɗi na ji yadda muryata ba ta yi rawa ba. Na ɗaure buhuna, na miƙe, sannan na nuna dirkar da haɓa kamar wanda ya tuna wani abu maras amfani. Na ce a haɗa mini da wancan mataccen agogon.

"A'a, wanga ba na sayarwa ba ne," ya ce. "Ajiya ce."

Ya koma ga wutarsa, yana ba da labarin kamar ya saba ba da shi. Ya ce ranar da ruwa ya tafi da motar, su sunka jawo direban da igiya, shi da yayyensa, lokacin yana saurayi. Masassara ta kama direban, ya kwanta a gidansu, uwarsu ta yi jinyarsa da fura da saiwoyi. Da ya samu ƙarfi ya koma korin ya tona rairayi, bai ciro kome ba sai agogon nan. Direban ya ce musu yana da ɗan yaro a gida wanda ba abin da yake so duniya kamar kallon allurar. Amma da zai tafi sai ya ce ba zai kai masa ba, zai kawo yaron nan ne ya karɓa da hannunsa, don ya ga mutanen da sunka tsamo ubansa. Ya damƙa shi ga uban maƙerin. Shi kuma uban, da zai rasu, ya damƙa shi ga maƙerin.

"Direban bai dawo ba," ya ce. "Amma yaro na nan wani wuri. In yana da rai zai zo."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na aje buhun na durƙusa.

"Baba, ni ne yaron."

Mutanen rumfar sunka fashe da dariya. Wani ya ce, ikon Allah, yanzun nan ubansa ke sayar da goro. Wani ya ce mutanen birni ko uwa suna iya sakewa in ciniki ya ƙi. Na shiga bayani, na faɗi tsagar gilashi, na faɗi launin motar, na faɗi unguwarmu. Duk abin da na faɗa, mai neman ya cuci tsoho ma zai iya faɗinsa, kuma na ga haka a idanunsu. Maƙerin shi kaɗai bai yi dariya ba.

"Ka rantse mini da Allah ba ka san shi ba," ya ce. "Wace magana zan ɗauka, ta ɗazu ko ta yanzu? Ɗauki ƙarafanka ka tahi, rana na yi."

Na dawo Madawa ina zagin tsohon a raina, don zagin wani ya fi sauƙi. Na ce taurin kai ne, na ce ƙila ma labarin ajiyar ƙirƙira ce don ya ƙara daraja. Kwana uku ina haka, sannan na tuna ina da shaidar da ba mai musunta ta. Gwaggona, ƙanwar babana, tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau, kuma fuskarsu ɗaya da shi. Na je na ce mata an samu wani abu na yayanta a hannun wani tsoho mai gardama, yana son shaida. Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Ta tashi ta ɗauko hotonsa daga ƙasan akwati, wanda yake jingine da motar, ta naɗe shi a gefen zane.

Na yi hayar mota don ita, na sa farar riga da hula. Da munka isa, maƙerin ya dubi rigata ya kau da kai, amma da gwaggo ta sauko ya tsaya cak. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Sunka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta miƙa masa hoton, ya kai shi kusa da ido ya daɗe. Daga nan sunka manta da ni. Ya ce direban ba ya iya shan fura sai an sa masa yajin tonka. Ta ce haka yake tun yana yaro. Ya ce yana da wata dariya mai kama da tari. Gwaggo ta rufe baki da mayafi, hawaye na zubo mata. Da ta gaya masa shekarun da yayanta ya yi a ƙasa, ya yi masa addu'a, mutanen rumfar duk sunka shafa.

Sannan ya miƙe ya sauko da kontar ɗin, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya aje shi bisa tabarma gabanta. Na matso.

"Hajiya," ya ce, "na yarda wanga ɗansa ne. Tun ranar farko na ga fuskar. Amma ba ni ɓoye miki yadda munka yi da shi."

Ya faɗa mata duka, da sikelin, da goron, da rantsuwar, bai ƙara ba bai rage ba. Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Haka anka yi?"

Na ce, "Gwaggo, dabarar ciniki ce. Ba ki san yadda mutane suke ba in sun gane kana son abu."

"Na tambaye ka, ka ce ba ka san shi ba?"

Na ce na faɗa.

"Ka sa sunan Allah?"

Na ce na sa.

Maƙerin ya tura mata kontar ɗin. Ya ce ita jinin direban ce, ta ɗauka ta ba wanda ta ga dama, shi dai ya sauke nauyi. Gwaggo ta ɗauke shi da hannu biyu, ta shafa tsagar da babban yatsa, ta daɗe tana kallon allurar da ke kwance. Na miƙa hannu. Sai ta miƙa wa maƙerin.

"Yayana cewa ya yi a ba ɗansa," ta ce. "Ɗansa bai zo ba tukuna. Mai da shi inda yake."

Tsohon ya karɓa, ya mai da shi cikin jakarsa, ya rataye shi ga dirkar. Na riƙe wa gwaggo hannu har bakin mota. Ta bari na riƙe, don ƙafafunta ba su da ƙarfi, amma ba ta dube ni ba.