Ranar da Baba Ya Tuƙa Mota Ba Salansa

Shekarun baya, muna zaune a Kawo, mahaifina yana da wata farar mota da ya saya tun yana aikin gwamnati. Ni ne babban ɗansa, ga lasisin tuƙi a aljihu, ga gemu ya fara tsiro, amma ban taɓa riƙe sitiyarinta ba. Iyakata da ita soso da bokiti.

Bayan ya yi ritaya sai yanar ido ta fara rufe masa gani, motar ta koma zama a gindin mangwaron ƙofar gida. Kullum da hantsi zai shiga, ya tayar da inji, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya jingina kai. Inuwar ganye tana yawo a fuskarsa, shi kuma yana ba ni labarin yadda zai kwashe mu zuwa Rigachikun mu sha rake da zarar idon ya washe. Likita kuwa ya riga ya gaya wa mahaifiyata cewa ganin tafiya yake yi. Ni dai burina ɗaya ne, ya sake tuƙa motar nan ko sau ɗaya kafin duhun ya gama rufewa. Da na yi maganar sai ya ce gobe.

A lokacin satar kayan mota ta addabi gari, har mutane suka koma kai motocinsu ana zana musu lamba a gilasai da fitilu da madubai. Baba nasa ya fi na kowa. Har salansa sai da ya sa mai walda ya ɗiga mata lambar motar da wuta, maƙwabta suna ta yi masa dariya.

Wata safiya ya murza makulli, motar ta yi wata irin ƙara da ta watsa kajin unguwa. Na leƙa ƙasa, wayam, an kwance salansar.

Na yi kwanaki ina zagaya rumfunan 'yan gwangwan a kasuwar tsofaffin ƙarafa, ina sunkuye kamar mai neman allura. Can na hango ta a rumfar shugabansu, a ware gefe guda, lambarmu ɓaro-ɓaro a jikinta. Dattijon ya ce wani ne ya kawo ta, da aka tambaye shi motar da ya ciro ta sai ya ce bari ya je ya dawo, har yau shiru. Ya bayyana mini cewa tun da hukuma ta matsa musu suka kafa doka: duk kayan da ke da lamba ba a saye, ba a sayarwa, ba a kuma miƙa wa kowa sai ya zo da motar da ke ɗauke da lambar. Na yi rantsuwa, na yi magiya, har da cewa ni ɗan gidan mutunci ne. Ya ce ya yarda, amma a kawo motar.

Na dawo na faɗa wa Baba, ina lallaɓawa ko zai ce in tuƙa. Sai ya ce a miƙo masa hularsa.

Har yau tafiyar nan kamar a mafarki nake ganinta. An yi ruwa da safe, kwalta tana sheƙi, motar tana ruri kamar jirgi zai tashi, mu kuma muna tafiyar da mai keke ke wuce mu. Direbobin tashar Kawo suka bar lodi suna kallonmu. Da farko nutsewa na yi a kujera, kada wata da nake nema a lokacin ta gan ni. Amma da na dubi Baba sai na miƙe zaune. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, iska tana kaɗa wuyan rigarsa, yana murmushi irin wanda rabona da gani tun yana zuwa ofis. Ni ne nake cewa ga rami, a ɗan yi dama, ga mai kura, a taka birki. Duk abin da na faɗa sai ya ce ai ya gani.

Muka isa lafiya. Dattijon ya duba lambar mota, ya duba ta salansa, ya ba Baba hannu, ya sa mai walda ya ɗaura ta nan take. Da aka gama na buɗe wa Baba ƙofar direba kamar kullum. Sai ya laluba hannuna ya danƙa mini makulli.

"Mayar da mu gida," in ji shi. "Tun daga tasha muryarka nake bi."

Hawaye suka cika mini ido. Na tuƙa mu a hankali, motar shiru, har ina jin numfashinsa.

Yanzu idan na ji ana muhawara a kan dokar da za ta hana sace salansar motoci, da sa ido a kan masu sayen tsofaffin ƙarafa, ina goyon baya, domin na ga ranarta. Sai dai ni ba kayan da aka ƙwato nake fara tunawa ba. A ranar na ji haushin dattijon nan sosai, ina ganin taurin kai ne kawai. Yau kuwa addu'a nake yi masa. Da ya ji tausayina ya miƙo mini salansar, da Baba ya ci gaba da cewa gobe, har ranar da ya daina gane ko wane gefe motar take.