Kiran Argungu Bayan La'asar

Wallahi jama'a, abin nan a kaina ya faru, kuma ni na tsokano shi da ɗan yatsana. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Kawuna yana aiki a ofishin tarho na Birnin Kebbi, inda aka kawo wata na'ura da za ka ba ta lamba da lokaci, ita da kanta ta buga kiran. Ni ke kai masa abincin rana. Rannan ya fita alwala, sai na ce bari in sa na'urar ta riƙa kiran gidan abokina a unguwar Nasarawa kullum bayan la'asar, don babansa in waya ta yi ƙara, takalmi ma bari yake garin gudu. Rawar jiki ta sa na danna lambar da ba ita ba.

Ba a jima ba shugabansu ya kira Kawu, wai na'ura ta nuna kullum layin ofis yana kiran Argungu, ana ɗauka, ana daɗewa. Ko ya kawo wanda ake kira ɗin, ko ya bar aikin. Mutum da iyali cike da gida! Na faɗa wa Kawu gaskiya, ya ja kunnena har na ji ya taɓo kafaɗa, ya goge umarnin a gabana. La'asar na yi, fitilar layin ta sake kamawa. Ya kashe, ya kunna, har roƙon na'urar yake kamar mutum, ko gezau. Ya saurari layin, ba magana, sai numfashi da motsin ruwa.

Muka hau mota sai Argungu, ko mai ɗaukar zai zo ya wanke shi. Adireshin lambar ya kai mu wani gida kusa da gulbi, wata tsohuwa ta fito.

"Inna, don Allah wa ke ɗaukar waya gidanga?" in ji Kawu.

"Wace waya, ɗana? Tun shekarar da ruwa ya ci maigida aka yanke layin."

Ta shigar da mu ɗaki, ta jawo wayar daga ƙarƙashin gado, igiyarta a naɗe. Ana sallame la'asar, na rantse da Allah, wayar nan ta kama ƙara. Kawu ya durƙusa yana salati.

"Ku bar ta," in ji tsohuwa. "Lokacin dawowarsa daga kamun kifi ke nan."

Ƙarar ta yanke ɗif kamar an ɗauka, alhali ba wanda ya taɓa wayar. Ni kuwa sai a tasha na ga kaina, ba takalmi.

Don Allah, in kun ga maɓallin da ba ku sani ba, ku bar hannunku a aljihu. Shugaba dai bai yarda ba, aka sallami Kawu, yanzu shinkafa yake nomawa a fadama. Wanda ya gaje shi ya ce fitilar ba ta fasa kamawa ba har aka cire na'urar.